Gilashin Jinin Auta

Shekara goma sha tara ke nan ina leƙen jinin mutane. Aikina ke nan a ɗakin gwaji na asibitinmu. A kawo mini jini a 'yar kwalba, in ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, in ja shi da bakin wani gilashin ya shimfiɗu siriri, in bari ya bushe, in zuba masa rini, sannan in sa shi a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Hannuna na hagu yana kan na'urar ƙirga, kowace irin farar ƙwayar jini da maɓallinta. In na kai ɗari sai ta buga 'yar ƙararrawa, in rubuta abin da na samu. Yawancin masu jinin ban san fuskarsu ba, kuma ban taɓa damuwa in sani ba, sai ranar da jinin ƙanena ya zo hannuna.

Mu shida ne a wurin Mama, ni ce babba, shi ne ƙarami, ni na goya shi. Yanzu shekararsa talatin da huɗu, da matarsa da 'yarsa ɗaya, yana gyaran waya a wani ɗan shago kusa da tashar mota, amma har gobe ba mai kiransa da wani suna sai Auta. Wata Litinin da safe ya leƙo ta tagar da ake miƙo mana kwalabe.

"Yaya, dasashina ke jini in na goge baki. Ga kuma wani tabo a cinyata, ban bugu da komai ba."

"Ka canja buroshi mana, wancan naka ai ya girmi 'yarka," na ce masa. Amma dai na ɗaure masa hannu na ɗebi jinin, don kada ya je ya ce wa Mama na kore shi.

Farar ƙwayar jini da ta girma, cibiyarta a rabe take gida uku ko huɗu, da ɗan zare yana haɗa su. Ita ce ke yawo a jini tana yaƙi da cuta. Ƙanananta kuwa a ɓargo suke zama har su girma, ba su da abin yi a waje. To su na tarar a gilashin Auta: ƙatta, cibiya a dunƙule, ciki cike da ɗigo-ɗigo masu duhu. A cikin wasu kuma akwai 'yan tsinkaye ja, sirara, a tare wuri guda kamar an ɗaure tsintsiya. Sau huɗu kacal na taɓa ganin tsinkayen nan a duk aikina, kuma duka huɗun an tura masu jinin babban asibiti, ban sake jin labarinsu ba. Na ɗaga kaina daga madubi, na goge idona, na koma. Suna nan. Na ɗauki gilashin na nufi wurin likita.

Likitar jinin da muke da ita sabuwa ce, ba ta fi watanni biyar da zuwa ba, kuma ba na jin ta girmi Auta. Ta duba, ta sa aka ɗebi ɓargo, ta zaunar da mu ni da shi da matarsa. Ta ce sankarar jini ce, amma irin wadda ake warkewa, kuma a nan za ta yi masa magani ba sai an tura shi ko'ina ba. Ta ce hatsarin yana makonnin farko, saboda zubar jini, don haka a ranar zai fara shan kafso, huɗu da safe huɗu da yamma, da madara ko abinci mai ɗan maiƙo. Daga baya a haɗa da wani ta ƙarin ruwa.

"Wane irin kafso ne?" na tambaya.

"Daga bitamin A aka samo shi."

Bitamin A! Abin da muke matsa wa jarirai a baki ranar rigakafi! Ta buɗe baki za ta yi mini bayani, na ɗaga hannu na ce, "Na sani, Likita." Ban san komai ba. Kawai ba zan zauna yarinyar da aka haifa ina makarantar sakandare ta koya mini jini a gaban ƙanena ba.

Aka kwantar da shi a ɗakin maza, gado na shida, kusa da taga. Matarsa ce ke ba shi kafson, don ita ke kawo abincin. Ni kuwa kullum da safe gilashinsa nake fara yi kafin na kowa.

Na san yadda maganin sankara ke aiki, ko dai haka nake zato. Yana zuwa ne ya share komai, mugu da nagari, gilashi ya koma fayau, ka yi ta yawo da madubi kafin ka sami ƙwaya goma. Abin da nake jira ke nan. Kwana uku, shiru. Kwana biyar, fararen ƙwayoyin sun ƙaru. Kwana takwas, daga dubu biyu sun kai dubu goma sha tara, gilashi ya cika maƙil. Kuma wasu irin halittu ne da ban taɓa gani ba. Cibiyar wannan ta lotsa a gefe, ta waccan ta lanƙwashe, ɗigo-ɗigon sun fara kwashewa. Su ba yara ba, su ba manya ba. Na'urata ba ta da maɓallinsu, sai na riƙa danna su a maɓallin miyagu.

Da Likita ta ga takardar a zagayen safe, sai cewa ta yi, "Madalla, muna kan hanya," ta rubuta wata allura a ƙara masa. Madalla! Na ce a raina yarinyar nan lallashinmu take yi, ta ga ba yadda za a yi, ta haɗa mu da bitamin don mu ga kamar ana wani abu.

Da rana matar Auta ta tare ni a baranda, kwanon abinci a hannunta. Yarinya ce mai kunya, ba ta cika haɗa ido da ni ba, amma ranar ta dube ni sosai.

"Yaya, ke ce kike gani da idonki. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya."

Na gaya mata abin da na ɗauka gaskiya ne. Na ce, "Ƙaruwa suke yi. Maganin nan ko gezau bai sa sun yi ba. Ki yi haƙuri, ki fara shirya zuciyarki, ni zan san yadda zan shaida wa Mama." Ta jingina da bango. Na dafa kafaɗarta, na koma bakin aikina.

Sai dai akwai abin da ya hana ni sakat, kuma ba baƙin ciki kaɗai ba ne. Na sha ganin sankarar da ta fi ƙarfin magani: ƙwayoyin nan dai su ne, sai yawa, na yau kamar na jiya. Waɗannan kuwa kullum da sabuwar kama. Me ke canja su? Ina wanke kwalabe ina tunani, ina cikin mota ina tunani. Har kunyar kaina na ji, ƙanena a kwance ni kuma ina mamakin siffar cibiya. Amma tambayar ta ƙi sakina.

Akwai wani dattijo da ya shugabanci ɗakin gwajinmu kafin ya yi ritaya, yanzu yana zuwa sau biyu a mako don duba gilasai masu wuya. A bayan idonsa Tabarau muke ce masa, don guda biyu yake ratayawa a wuya, kuma kullum yana neman na ukun. A rana ta goma, da hantsi, na kwashi gilasan Auta gaba ɗaya, na jera masa su bi da bi a kan tebur. Lamba ce kawai a jikinsu, ban gaya masa na wane ne ba. Muka zauna a madubi mai kai biyu, shi nan ni can, abin da ya gani shi nake gani.

Ya duba na farko, ya yi tsaki. Na uku, ya gyara zama. Na biyar, ya ce, "Uhm." Da ya kai na takwas sai na ji yana 'yar dariya ta hanci.

"Wa ke ba mutumin nan jikan bitamin A?"

"Jika kuma, Baba?"

"Jika mana. Jiki yakan ɗauki bitamin A ya juya shi, ya sake juya abin da ya fito. Na ukun nan shi ne jikan, shi ke cikin kafson. Ikon Allah! Ni a littafi kawai nake ganin wannan, yau ga shi a kan teburina."

"Baba, ƙaruwa fa suke yi."

"Girma suke yi, 'yata. Kawo takarda."

Ya juya bayan wata tsohuwar takardar sakamako, ya zana da'ira, ya zana ƙarama a cikinta. Ya ce jikan nan ɗan maiƙo ne, fatar ƙwaya ba ta tare shi, yana ratsawa ba sallama har cikin cibiya. A cibiyar nan zaren gado yake, wanda ake cewa DNA, inda aka rubuta duk umarnin da ƙwaya za ta bi a rayuwarta. Amma ba duka ake karantawa lokaci ɗaya ba. A kan wasu wurare na zaren akwai wani furotin zaune, shi da abokin zamansa, su biyu. Shi ake kira makarɓi.

"Ki ɗauke shi mai gadi," in ji Tabarau. "Muddin hannunsa wayam ne, yana riƙe da wasu da ke nannaɗe zaren tamau, ba mai iya karanta abin da ke wurin. A jikinsa akwai wani ɗan aljihu da aka yi daidai da jikan nan. Da ya shige ciki, sai siffar mai gadin ta canja. Ya saki masu nannaɗewa, ya jawo masu warwarewa, a karanta umarnin."

"Me umarnin ke cewa?"

"A wannan ƙwayar? Cewa yake, ki girma."

Na dubi zanen. Na ce, "To ai kowa da jikan nan a jininsa. Me ya hana na wannan mutumin aiki?"

Ya ɗora tabarau ɗaya a kan ɗaya, alamar tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce a cikin ƙwaya guda ta ɓargon mutumin nan, zare biyu sun karye sun haɗu a inda bai kamata ba. Sai mai gadin ya fito manne da wani furotin da ba nasa ba, riƙonsa ya yi tsanani. Ɗan jikan da ke jini ya yi kaɗan ya sa shi ya saki. Umarnin girma ya zauna a rufe, ƙwayar ta tsaya a yarinta, ba ta san komai ba sai hayayyafa. Kafson nan kuwa ambaliya ce, yana cika aljihun har sai ya saki dole. Bayan haka ƙwayar da kanta take rushe gurɓataccen mai gadin, maganin ƙarin ruwan kuma yana taya ta.

"Sai su girma, su bar ɓargo su fito jini. Shi ne lissafinki ya hau. Su yi 'yan kwanakinsu kamar kowace farar ƙwaya, su mutu."

"Ba a kashe su ba ke nan?"

"Tsufa ke kashe su."

Kai! Shekara goma sha tara ban taɓa jin maganin da ke renon abokin gaba har ya tsufa ba. Tambayoyi suka riƙa zubo mini. Na ce da an ba shi bitamin A na kanti da yawa fa? Ya ce a'a, kakan ba ya shiga aljihun, kuma jiki ba ya yarda ya juya shi fiye da kima, sai dai a lalata wa mutum hanta. Na ce to me ya sa aka rubuta a kwalin kada mai ciki ta kusance shi? Ya ce don ɗan tayi ma da irin umarnin nan ake gina shi, kowane da lokacinsa, in aka buɗe na gobe yau sai a sami matsala. Ya ce hawan lissafin ma yana da nasa hatsarin, yakan kawo zazzaɓi da sarƙewar numfashi, duk likitan da ya san aikinsa zai riga shi da allura. Na tuna allurar da Likita ta ƙara, na sunkuyar da kai.

Amma ni ba a gamsar da ni da zane. Na ce, "Wa ya ce manyan da ke fitowa daga miyagun suke? Wataƙila lafiyayyu ne suka farfaɗo."

"Yawwa. To nemo mini babba mai tsinke."

Ya sa gilashin ranar, ya bar mini juyawa. Na bi layi-layi, a hankali, yadda nake yi wa jinin da nake zargi. Mun kusa minti ashirin. Can a gefen da jinin ya fi siranta na tsaya cak. Ƙwaya ce cikakkiya, cibiyarta a rabe gida uku da zarenta, irin wadda nake dannawa sau dubu a mako ban ko kalle ta ba. A gefen cibiyar kuwa ga ɗan tsinke ja guda ɗaya, kwance abinsa. Lafiyayyar ƙwaya ba ta taɓa ɗaukar tsinken nan. Wannan a cikin miyagu aka haife ta, ga shi ta girma.

Na sami ta biyu, na sami ta uku. Na kanga wayata a bakin madubi na ɗauki hoto.

Tabarau yana tattara gilasan ya ce, "Ki gaya wa masu jinyarsa su riƙe kafson nan da hannu biyu. Kada a tsallake ko sau ɗaya sai da izinin likita. Yanzu ne ake tsakiyar aikin."

Ban ma yi masa sallama ba. Na bi baranda da sauri har wata nas tana tambayata ko gobara ce.

Na tarar da Auta zaune a bakin gado, ya cire rigar asibiti ya sa tasa, har da takalmi. Leɓɓansa sun bushe sun tsattsage, aikin maganin ne. Matarsa tana ninke kaya tana cusawa a jaka, idonta ya kumbura.

"Ina zuwa haka?"

"Gida, Yaya," ya ce. "Ba a barin yara su shigo nan. Kwana goma ina ganin 'yata ta taga tana ɗaga mini hannu. In dai tafiyar ce, gara in yi ta tana kan cinyata."

Matarsa ta ce, ba ta dube ni ba, "Ya matsa mini ne, Yaya. Ya ce in rantse in faɗi abin da kika ce."

Ya sa hannu ƙarƙashin matashi ya jawo ɗan gwangwanin da yake tara ƙananan kusoshin waya, ya buɗe ya miƙo mini. Kafso ne a ciki. Na ƙirga da ido, don ƙirga ce sana'ata. Goma sha shida. Tun yammacin ranar da na yi magana a baranda bai haɗiyi ko ɗaya ba, karɓa yake a hannunta ya ce zai sha in ya gama cin abinci.

"Ciwon kai yake sa ni kamar kaina zai rabe," ya ce. "Na ce tunda Yaya ta ce ba ya aiki, me zan sha wahala a kai?"

Innalillahi. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin nan ba, ko ranar da na fara ganin gilashinsa. Waccan ranar cuta ce ta kama shi, wannan kuwa bakina ne.

Na aika aka kira Likita. Kafin ta tambaya na gaya mata komai, a gaban nas da masu jinyar gado na biyar da na bakwai, waɗanda suka miƙo wuya suna saurare. Na zaci za ta wanke ni tas, kuma da ta yi da ban ce uffan ba. Sai ta karɓi gwangwanin, ta duba idon Auta da dasashinsa, ta saurari ƙirjinsa.

"Ba a rama wanda ya wuce," ta ce. "Huɗu kawai, yanzu, da madara. Daga yau kuma a gaban nas."

"Kwana biyun nan zai yi masa illa?" na tambaya.

"Ban sani ba. Gilashinki ne zai gaya mana." Ta zuba huɗu a tafin hannunsa, ta koma gefe ta tsaya.

Auta ya dubi kafson, ya dube ni. Bai kai baki ba.

"Shekaranjiya kin ce ba ya aiki. Yau kin ce yana yi. Wacce Yayar zan bi?"

Na zauna kusa da shi na ba shi labarin jikan da mai gadin da aljihun, a birkice, ina haɗa na gaba da na baya. Na nuna masa hoton, na ce ga ta nan, muguwa ce ta girma, dubi tsinken. Ya karɓi wayar ya karkata ta, ya buɗa hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Gilashin kyamararki ya yi datti," ya ce. "Sau nawa zan ce ki kawo in goge miki?"

"Auta, don Allah."

"Wannan 'yar abar ce a jikina?"

"Ita ce. Guda uku na gani da idona. Ban san ƙarshen abin ba, ba zan sake yi maka ƙaryar sani ba. Amma abin da na gaya wa matarka ba haka ba ne. Na yi kuskure."

Ya ɗago kai a hankali. Duk da bushewar leɓen nan sai da na ga shaƙiyancinsa na yarinta ya leƙo.

"Me kika ce?"

"Ka ji ni sarai."

"Shekarata talatin da huɗu, wallahi ban taɓa jin kalmar nan a bakinki ba. Ki sake faɗa, ko abin zai wuce mini maƙogwaro."

Matarsa ta miƙo kofin madara, tana dariya tana share hawaye da bakin mayafi. Ya ɗauki kafso ɗaya ya riƙe a bakin leɓe yana jirana.

"Na yi kuskure," na ce. Ya haɗiye.

Ya ɗauki na biyu, ya ɗaga gira. Na sake faɗa, ya haɗiye. Na uku ma haka, har tsohon da ke gado na bakwai yana cewa a ƙara murya bai ji ba. Da ya ɗauki na huɗun na buɗe baki, muryar ta ƙi fita. Na yi ƙoƙari, sai kuka ya zo a maimakonta. Auta ya dube ni, ya jefa kafson a baki ya kora da sauran madarar.

"Bar shi haka, Yaya," ya ce. "Wannan na yafe miki." Ya sunkuya ya fara kwance igiyar takalminsa.